Gidajen Hoi An sun tsaya da ƙafarsu, amma masu gidajen suna ina?

Mai Kashu:
Salamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce na dawo daga Biyetnam, harkar kashu ce ta kai ni kamar kullum dan kun san su ne manyan masu sayen ɗanyen kashunmu suna fasawa. To wannan karon da muka gama awo da lissafi sai abokin cinikina ya ce wallahi ba zan koma ba sai ya kai ni garin kakarsa, Hoi An, kamar kilomita 30 kudu da Da Nang. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Thu Bon, tun ƙarni na 15 har zuwa na 19 fataken Sin da Japan da Turawa suke sauke kaya a wurin, daga baya yashi ya cike bakin kogin manyan jirage suka koma Da Nang, gari ya mutu, kuma mutuwar kasuwar ce ta tsare shi dan babu mai kuɗin rushe gidan kakansa ya gina sabo. A 1999 Unesco ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, gidajen katako sama da dubu suna nan a jere an shafe su da ruwan ɗorawa. Abin ya burge ni ba kaɗan ba. Amma ga abin da ya tsaya min a rai, da daddare bayan baƙi sun watse mun bi layin gidan kakar tasa, ƙasa shagon tela ne an ja ƙofa, bene duhu, duk layin ban ji kukan yaro ba, ban ji ƙamshin girki ba. Ita tsohuwar ta ba da gidan haya ta koma bayan gari wajen ɗanta. Shine nake tambaya, wannan an adana gari ne ko an adana bango?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da hanya. Ni dai tambayata ɗaya, tsohuwar korarta aka yi ko ita ta ga dama?

Mai Kashu:
A'a Hajiya babu wanda ya kore ta. Kuɗin hayar ne ya fi ƙarfin a ƙi, ga kuma wahalar zama a gidan da ba ka da ikon sauya ko taga sai da takarda.

Maman Iman:
To in haka ne ni ban ga abin kuka ba. Mace ta tsufa, gidanta yana ciyar da ita da jikokinta tana zaune, gidan kuma bai rushe ba. Mu nan tsofaffi nawa ne suke zaune a gidan gado damina tana cin katanga babu mai ba su ko buhun siminti.

Zayyanu Mai Zane:
Alhaji bari in sa baki dan wannan fannina ne, zanen gine-gine na karanta kuma Hoi An na cikin misalan da aka fi kawo mana. Abin da mutane ba su sani ba shine yawancin gidajen nan ba na gwamnati ba ne, na mutane ne, gado ne. To hukumar garin ta kasa su aji-aji gwargwadon tsufa da daraja, in gidanka zai faɗi kana so ka gyara ba za ka kira birkila ka zuba bulo ba, dole ka yi da katako irin na da, rufi da jan kaskon nan da suke kifa ɗaya kan ɗaya, kuma wannan aiki yana da tsada sosai. Shi yasa tun 1995 suka fara sayar da tikitin shiga, yanzu baƙo daga waje yana biyan dong 120,000, wajen dala biyar kenan, ya shiga wurare biyar da ya zaɓa, daga kuɗin ake tallafa wa masu gida da kashi 40 zuwa 75 cikin ɗari na kuɗin gyara, wanda gidansa ke cikin lungu ya fi samun kaso mai yawa dan shi ba shi da shagon da zai kawo masa kuɗi. Wallahi wannan tunanin na lungu da bakin titi shi ya fi burge ni, an san cewa nauyin tarihi ɗaya ne a kan kowa amma riba ba ɗaya ba ce. Kuma masassaƙan da ke gyaran 'yan ƙauyen Kim Bong ne da ke tsallaken kogi, waɗanda kakanninsu suka gina gidajen tun farko, sana'ar da ta kusa mutuwa ta farfaɗo.

Malam Bala:
Zayyanu ka yi bayani mai kyau amma ba ka amsa tambayar Alhaji ba. An gyara katako, na ji. Wa ke kwana a ƙarƙashinsa?

Zayyanu Mai Zane:
Gaskiya ne Malam, nan ne gizo ke saƙar. Gidaje da yawa a manyan layukan an sayar ko an ba da haya ga 'yan kasuwa daga Hanoi da Ho Chi Minh, su kansu jami'an garin sun sha faɗin haka a jaridunsu, suna cewa garin na neman rasa ruhinsa. Ban musa ba.

Mai Kashu:
Amma in yi adalci, akwai gidan da na shiga na ga masu shi a ciki, gidan Tan Ky, ya haura shekara 200 a hannun zuri'a ɗaya. Abin da ba zan manta ba shine bangon baya, sun yi alama da kwanan wata a duk inda ambaliya ta tsaya, wata a ƙirjina, wata sama da kaina, ta 1964 can sama sai ka ɗaga kai. Sai matar da ke zagayawa da mu ta nuna mana wata ƙofa a silin da igiya da ƙugiya, ta ce in kogi ya fara tasowa nan ake janye kujeru da akwatuna zuwa bene, in ruwa ya janye a sauko a wanke laka tun ba ta bushe ba. Na tsaya ina kallon igiyar nan na ce a raina to ai wannan shi ne adanawar, mutumin da ya san ƙarfe nawa zai tashi cikin dare ya ja kaya. Ɗan haya da ke kwana a wata unguwa ya kulle shago ya tafi, wa zai ja masa igiya? Katako in ya kwana uku cikin laka gara da ruɓa ne.

Maman Iman:
Yanzu na fahimce ka Alhaji. Amma fa kar mu zauna daga nesa mu ce dole talaka ya zauna cikin gidan da ruwa ke shiga duk shekara dan mu zo mu ɗauki hoto.

Ɗalibin Hanoi:
Slm iyaye da yayye, ni ina karatu a nan Hanoi shekara ta uku kenan, maganar Hajiya ta tuna min da Duong Lam. Ƙauye ne yamma da Hanoi tafiyar awa ɗaya da wani abu, gidajensu da dutsen marmara aka gina, ja kamar namu na gida. A 2005 gwamnati ta ba shi lambar kayan tarihin ƙasa, kowa na murna, to ashe daga ranar ba ka da ikon ɗora bene ko ƙara ɗaki, yaro ya yi aure babu inda zai sa amarya, iyali uku huɗu a matse, ga baƙi suna sayen tikiti a bakin ƙauye amma gidaje ƙalilan ne da aka amince tsofaffi ne suke ganin wani abu, sauran sai dai doka ta hau kansu. A 2013 mutanen ƙauyen da dama suka sa hannu a takarda suka ce a zo a karɓi lambar, ba sa so. Wannan abu ya girgiza ƙasar sosai dan ba a saba jin talakawa sun mayar wa gwamnati kyauta ba. Na je wurin sau biyu da abokan karatu, wata tsohuwa mai sayar da miyar waken suya a manyan randuna a tsakar gidanta ta zaunar da mu ta ba mu shayi, ita gidanta na cikin masu samu, amma maƙwabcinta ko kallonmu bai yi ba kuma ban ga laifinsa ba.

Malam Bala:
Madalla da wannan misalin ɗana. Kun ga abin da nake nufi. A takarda ana rubuta an haɗa kai da al'umma, amma haɗa kai iri biyu ne, akwai a kira ka taro a karanta maka abin da aka yanke, akwai kuma a tambaye ka kafin a yanke.

Zayyanu Mai Zane:
Ko a Hoi An ɗin ma an yi irin haka Malam. A 2023 hukuma ta sanar cewa daga tsakiyar watan Mayu kowa sai ya sayi tikiti kafin ya taka cikin tsohon gari, har da maganar raba hanyar baƙi da ta 'yan gari. Mutane suka yi ca a Facebook, masu shaguna suka ce wanda ya zo shan kofi ko ɗinkin riga shi ma sai ya biya? 'Yan gari suka ce yanzu dangina in za su zo gaishe ni sai sun nuna takarda? Dole aka ja baya aka ce ayarin da kamfanonin yawon buɗe ido ke kawowa za a fi matsa wa. Sannan gadar Japan, tsohuwar gada mai rufi da ke cikin tsohon garin, wadda hotonta ke jikin takardar dong 20,000, an fara gyaranta ƙarshen 2022 aka buɗe a Agustan 2024, an kwance ta kusan gaba ɗaya aka mayar, da aka cire shinge sai surutu ya tashi wai ta yi sabunta da yawa kamar jiya aka gina. Ni a ganina masu gyaran sun yi daidai dan ginshiƙan sun ruɓe kuma sun mayar da duk katakon da zai iya komawa, fenti kuwa damina biyu ta ishe shi ya dushe. Amma surutun ya nuna mutane suna ɗaukar gadar tasu ce, da ba su damu ba da ba su yi magana ba.

Ɗan Agadas:
Ina biye da ku tun ɗazu. Ni abin da ke ba ni tsoro a wannan tsarin ba tashin mutane daga gida ba ne kaɗai, dogaro da baƙo ne. Mu a Agadas mun ɗanɗana, mahaifina direban masu yawon buɗe ido ne zuwa Ayar da Tenere, da rikici ya tashi a 2007 jiragen Turawa suka daina sauka, maƙeran azurfa da masu jima da direbobi duk suka zauna, lokacin da Unesco ta sa tsohon garin a 2013 baƙin ma babu. Amma hasumiyar masallaci tana nan ana yaɓe ta saboda ana sallah a ciki, ba dan baƙo ba. To ina so in ji, lokacin korona da Biyetnam ta rufe iyaka, su Hoi An me suka ci?

Ɗalibin Hanoi:
Yaya sun sha wuya ƙwarai, daga Maris 2020 zuwa Maris 2022 ƙasar a rufe take ga masu yawon buɗe ido, layukan tsohon gari shaguna a garƙame, teloli da masu fitilun alharini suka koma wasu sana'o'in. Waɗanda ba su girgiza sosai ba su ne irin mutanen Tra Que, ƙauyen masu lambu kamar kilomita uku daga gari, gidaje wajen 200 suna noman ganyen miya da na ƙamshi, takinsu ciyawar ruwa ce da suke kwasowa daga kogi. Baƙo yana biya a sa masa malafa a ɗora masa sanda a kafaɗa da bokitin ban ruwa biyu ya yi ta fama, amma asalin abincinsu ganyen da suke kai wa kasuwa ne kullum da asuba. Da baƙi suka ɗauke lambu bai daina tsiro ba. A 2024 ma hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin ƙauyukan da suka fi kyau.

Ɗan Agadas:
To ka ga wannan ya kwanta min. Baƙo ya zama ƙari, ba tuwon ba.

Mai Kashu:
Na je Tra Que ɗin, gaskiya ne, ƙamshin na'a-na'a tun daga bakin hanya. Amma a rana ɗaya aka kai ni wani wurin da raina ya ɓaci, dajin kwakwar ruwa na Cam Thanh inda ake shiga da kwale-kwale mai kama da babban kwando. Wuri ne da kifi da jatan lande ke hayayyafa, kuma shi ke tare gari daga igiyar ruwa, amma abin da na tarar lasifika ce kowane lungu, kiɗa kamar gidan biki, ana juya kwando da mutane a ciki suna ihu, matuƙinmu ya miƙa hannu ya yanko ɗanyen ganye zai saƙa min zobe na ce ya bari. Kuma duk 'yan ƙauyen ne fa, ba wani baƙon kamfani ba. Shi yasa nake cewa ko al'ummar aka bar wa abu ba tare da ƙa'ida ba, yunwa da gasa za su sa su cinye shi.

Malam Bala:
Alhaji a nan zan ɗan saɓa maka. Ba rashin ƙa'ida ba ne kawai, wa ya kawo baƙin, nawa ya karɓa a hannunsu, nawa ya miƙa wa mai tuƙin? In dillali ya cinye kaso mafi tsoka, mai kwando ba shi da abin yi sai ya yi rawa ya yanki ganye ko a ba shi ɗan na goro.

Zayyanu Mai Zane:
Duka biyun gaskiya ne, kuma amsar tana nan kusa da su a tsibiran Cu Lao Cham, ƙarƙashin Hoi An ɗin suke har zuwa 2025, Unesco ta amince da yankin a matsayin wurin kare halittu a 2009. Tun shekarar suka hana leda, in za ka hau jirgi zuwa can sai a ce ka ajiye ledarka, a kasuwarsu da ganye da kwando ake ƙunshi. Amma labarin kaguwa ya fi daɗi. Suna da wata kaguwar dutse da ke zama a tsauni, baƙi suka gano daɗinta aka yi ta kamawa har ta kusa ƙarewa. Maimakon a hana kowa a zuba 'yan sanda, sai aka haɗa masu kamun cikin ƙungiya, su kaɗai ke da izini, ba a kamawa sai daga Maris zuwa Yuli, ba a ɗaukar mai ƙwai, bayanta sai ya kai santimita 7, duk wadda ta cika sharaɗi a manna mata lamba kafin a sayar, wadda ba ta cika ba a mayar daji. Farashi ya tashi, kamu ya ragu, kuma su masu kamun su ne ke sa ido dan duk wanda ya saci ƙarama aljihunsu ya taɓa.

Maman Iman:
Kai wannan dabara ta yi. Kamar dai yadda sarkin ruwa ke hana su sai lokacinsa.

Ɗalibin Hanoi:
Haka ne Hajiya. Irinsa kuma akwai a Phong Nha, wani daji a tsakiyar ƙasar, inda kogon Son Doong yake, wanda ake cewa babu kogon da ya kai shi girma a duniya. Wanda ya fara ganinsa wani mutumin ƙauye ne Ho Khanh, wajen 1990, yana yawon neman itacen turaren ud a daji, irin wanda iyayenmu ke saye da tsada a Saudiyya, dan a lokacin sana'ar yankin kenan, saran itace da farauta a ɓoye. A 2009 ya jagoranci masu binciken kogo na Ingila suka auna shi. Yanzu mutum 1,000 kacal ake bari su shiga a shekara, kowa na biyan wajen dala 3,000, baƙi goma suna tafiya da ma'aikata kusan talatin, 'yan dako da masu girki da masu tsaro, akasarinsu waɗanda da suke shiga dajin da gatari ne. A 2014 aka taso da maganar kafa motar igiya ta sama da za ta riƙa kwasar dubbai zuwa kogon, matasan ƙasar suka yi ta yaƙi da abin a intanet har aka jingine.

Malam Bala:
Dala 3,000. To ɗan Biyetnam mai albashin koyarwa irina yaushe zai ga kogon ƙasarsa?

Ɗalibin Hanoi:
Wannan ƙorafin su ma suna yinsa Malam, da shi ma masu son motar igiyar suka kafa hujja. Akwai wasu kogunan a yankin masu araha da kowa ke shiga, amma shi wannan gaskiya sai mai hali, kuma kamfani ɗaya ne ke da izinin kai mutane. Ni dai na fi son a bar shi haka da a zuba masa ƙarfe da siminti, amma ba zan ce babu zafi ba.

Ɗan Agadas:
Mu koma kan tsohuwar Alhaji dan ita ce ta tsaya min. Alhaji ka tambayi abokin naka, da za a ba ta zaɓi, kuɗin hayar yana shigowa amma ta zauna a benenta, za ta dawo?

Maman Iman:
Kuma ka tambaye shi jikokin suna zuwa gidan ko sun manta hanya.

Mai Kashu:
Yanzu muka gama magana da shi. Ya ce da aka rubuta takardar haya abu ɗaya ta kafe a kai, ɗakin tsakiya na bene inda hotunan iyayenta da na mijinta suke ba ya cikin haya, makullin yana wuyanta. Duk ranar 14 ga watansu na gargajiya, daren da ake rage wutar lantarki a tsohon gari a kunna fitilu, jikanta yana ɗauko ta a babur ya ajiye a bakin shinge dan ba a shiga da babur a lokacin, su taka a ƙafa cikin cunkoson baƙi, ta ratsa ta tsakanin kekunan ɗinki ta hau sama ta share ɗakin ta buɗe tagogi ya sha iska. Ya ce ambaliyar Oktoban 2025 da ruwa ya shanye layin, ita ta buga wa telan waya tun da yamma ta ce ya kwashe yadikansa ya kai bene, ta faɗa masa inda igiyar take. Maganar dawowa kuwa ya ce gwiwoyinta ba sa son matakalar yanzu, amma ƙaramar jikarta da ke karatu a Da Nang ta ce in hayar ta ƙare ita za ta karɓi gidan, ta yi shago a ƙasa ta kwana a sama. Saura shekara biyu a takardar.

Maman Iman:
Allah Ya kai mu. In ka koma ka gaishe min da ita Alhaji, ka kai mata turmin atamfa ko ɗaya ne.